Ƙusar Kwarin Barmadi

Sunana Aisami. Shekara ashirin da shida na yi ina ɗan aike a biro, ofishin hukuma a Gure. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, aka fid da ni kiwo. Ina gane sunan gari da sunan mutum a takarda, ina gane kwanan wata. Sauran ban iya ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba.

Allon sanarwa nawa ne. Tsohon ƙyauren katako ne, ni na kafa shi a gindin bishiyar bedi a bakin biro. Kowane gari da ƙusarsa. Bune a sama ta dama, Gidigir a ƙasanta, kwaruruka masu lambu a jere ta hagu, yadda suke kwance in mutum ya fuskanci gabas. Takarda in ta fito sai in soke ta a ƙusar garin, in ɗaura tsumma. Fari, allurar dabbobi ko ta yara. Shuɗi, taro. Ja, ana kiran wani gaban hukuma. Mutanenmu ba sa karanta Faransanci, amma suna da ido. Ranar kasuwa mai jaki zai biyo, ya ɗaga kai, ya ga ja a ƙusarsu, ya zo ya tambaye ni na wane ne. Kafin la'asar ɗin gobe labari ya isa gida.

A shekarar casa'in da takwas aka turo mana sabon ma'aikaci daga Maradi, Mushe Tanimu, wato Malam Tanimu da Faransanci. Saurayi ne mai tsafta, mai saurin magana. Wani furoje, wato shirin tallafi, ya ba shi ordinatar, na'ura mai fuska kamar talabijin, da injin wutarta. Ya ce za a sake tsarin sanarwa gaba ɗaya. Kowace takarda a cikin na'ura za a rubuta ta, fasali ɗaya, girma ɗaya. Na'ura za ta ba ta lamba da ranar fita da ranar cirewa. Kwana ashirin da ɗaya. In sun cika, ita da kanta za ta ce an sanar. Kowane wata kuma a kwafe komai a wani ɗan faifai a kai Yamai, a ɗora a wani shafi da ake gani ta wayar tarho har ƙasar Turawa.

Na ce, "Mushe, mutanen Barmadi suna da wayar tarho?"

Ya yi dariya. "Baba Aisami, duniya ta ci gaba."

"Ta bi ta Barmadi?"

Aka cire ƙyaurena aka jingine bayan biro. Aka kafa akwatin gilashi mai kwaɗo a bango. Takardu farare ƙal, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa, ba ruwansu da gari. Makulli yana hannun Madam Hafsatu sakatare. Ni aka ba ni tsumman goge gilashi.

Mako biyu na haƙura. Sai takardar allurar shanu ta fito, na gane sunan Bune a kai. Na ɗaura farin tsumma a jikin kwaɗon. Ranar kuwa mutanen furoje suka zo daga Yamai da motarsu, suna ɗaukar hoto. Tanimu ya fizge tsumman a gabansu ya jefar.

"Wannan wane irin ƙazanta ne? Baba, aikinka shara da goge gilashi. Sanarwa ta fita hannunka. Ka ji ni?"

Na ce, "Na ji."

Na sunkuya na ɗauki tsummana na sa aljihu. Tun da nake ba wanda ya taɓa yi mini tsawa a bakin biron nan, har kumandodi, shugabannin da suka wuce. A raina na ce shi ke nan. Ban ƙara ɗaura komai, ban ƙara gaya wa kowa komai, sai ranar da yaron nan ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni.

Bayan kwana huɗu ina goge gilashi na ga sunan Barmadi. A ƙasa na ga sunan Ɗan Talata.

Ɗan Talata abokina ne, tare muka yi kiwo. Ya rasu shekara uku kafin nan, ya bar matarsa Ya Kaltumi da lambu a Kwarin Barmadi: rijiya ɗaya, dabino bakwai, da ɗan filin rogo. Da shi take ci da jikokinta mata biyu. Na tambayi Madam Hafsatu me takardar ta ce. Ta ce Inusa maƙwabcinsu ya kawo ƙara, wai iyakarsa ta haɗa da rijiyar da dabinon. Ana kiran magadan Ɗan Talata. In kwana ashirin da ɗaya suka cika ba wanda ya zo, kwamitin filaye zai yanke da abin da ke gabansa.

Na san iyakar nan. Ina tsaye ranar da Ɗan Talata ya haƙa rijiyar. Jan tsumma yana aljihuna. Na taɓa shi, na bar shi.

Na ce wa kaina kasuwa uku ce kafin ranar. Na ce Tanimu zai ga ba wanda ya zo, ya gane, ya kira ni. Haka na yi ta faɗa wa kaina.

Kasuwar farko ba wanda ya biyo daga Barmadi. Ta biyu sai ga Tukur mai kanwa da jakansa uku. Gidansa yana kallon gidan Ya Kaltumi. Ya tsaya gindin bedi yana waige-waige.

"Baba Aisami, ina allonmu? Ko gara ta cinye?"

"An yi sabo. Ga shi can."

Ya je ya tsaya gaban gilashin, ya karkata kai. "To ni fuskata kawai nake gani a ciki, ita ma ba ta yi kyau ba. Akwai namu?"

Tanimu yana tsaye a bakin taga, yana jin mu. Na ɗaga murya don ya ji da kyau.

"Ka tambayi gilashi. Ni shara nake."

Tukur ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "In da ja ne ai da ka faɗa." Ya kora jakansa ya tafi. Na bi shi da ido har ya sha kwana wajen masu nama. Ƙafata ba ta motsa ba.

Kasuwa ta uku na yi niyyar faɗa. Tukur bai zo ba, wai jakinsa ya yi targaɗe. Da ni ne na da, da na hau motar Gidigir na sauka a hanya na taka. Ban hau ba. Kwanaki suka cika, na'ura ta ce an sanar, Madam Hafsatu ta cire takardar. Kwamiti ya zauna da Inusa da shaidunsa biyu. Aka buga hatimi, aka aika Damagaram.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, da hantsi, Ya Kaltumi ta shigo harabar biro. Da ƙafa ta taho rabin hanya, zaninta duk ƙarangiya. Ba ta nufi ƙofa ba, ni ta nufa.

"Baba Aisami, Inusa ya kafa shinge ya raba ni da rijiya. Ya nuna mini takarda mai hatimi. Wai an kira ni na ƙi zuwa. Na ce ƙarya ne. Na ce in da an kira ni, da Aisami ya ɗaura ja. Na faɗa a gaban mai gari, na rantse. Zo ka gaya musu."

Tsintsiya tana hannuna. Na jingine ta.

Tanimu ya fito da jin hayaniya. Ya sa aka kunna inji, ya nuna mata fuskar na'ura. "Inna, ga shi. Lamba arba'in da ɗaya. An liƙa, ta yi kwanakinta cif. Har a Yamai an gani."

"Ɗana, wa na sani a Yamai?"

Ya ce doka ta cika, sai fa in akwai shaidar cewa sanarwar ba ta isa gare ta ba saboda laifin biro. Shi kuwa bai ga laifin biro ba.

Na ce, "Akwai."

Suka juyo.

"Na ga takardar tun ranar da ta fito. Na san ta wace ce. Tukur maƙwabcinta ya tambaye ni ko akwai nasu, na ce ya tambayi gilashi. Kana taga, Mushe. Ka ji."

Tanimu ya kau da kai. Ya ji ɗin.

Ya Kaltumi ta dube ni. "Ka gani?"

"Na gani."

"Ka san ni ce?"

"Na sani."

"To me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba."

Ta jira in ƙara. Ta gyara lulluɓinta ta koma gindin bedi ta zauna, ta ba ni baya.

Tanimu ya ja ni cikin biro ya rufe ƙofa. Muryarsa ta sauka. "Baba, in aka rubuta wannan, aikinka ya tafi. Ni ma za a tambaye ni. Mu ce takardar ta faɗo a cikin akwatin, ba a gani ba."

"Ba ta faɗo ba. Ni nake goge gilashin."

"Baba, shekara biyu suka rage maka ka huta da mutuncinka."

"Rubuta yadda na faɗa."

Madam Hafsatu ta buga, na'ura ta fid da takarda, fasalinta ɗaya da sauran. Aka karanta mini. Na rubuta sunana da hannuna, shi kaɗai na iya rubutawa da kyau. Tanimu ya daɗe riƙe da alƙalami, sannan ya ƙara layi biyu a ƙasa, cewa shi ya hana ni sanar da mutane. Ban roƙe shi ba. Ban kuma gode masa ba.

Wata huɗu takardar ta yi tsakanin Gure da Damagaram. Aka sake zama, wannan karon a Barmadi. Na je na nuna inda iyaka take, tsofaffi uku suka tsaya bayana. Aka cire shingen Inusa, aka mayar wa Ya Kaltumi rijiyarta. Amma Inusa bai zauna jira ba. A cikin watannin nan ya sare dabino uku, wai suna yi wa rakensa inuwa, ya tsaga su azara. Manyan ne ya sare, waɗanda Ɗan Talata ya dasa shekarar da ya yi aure. Rogon kuma ya bushe don rashin ban ruwa. Kwamiti ya yi wa Inusa faɗa. Kututture uku suna nan a bakin rijiya, na ƙirga su.

Ni an sallame ni kafin damina. Ban yi gardama ba.

Wata safiya Tanimu ya zo ƙofar gidana da guduma da ƙusoshi a takarda. Ya ce ya sa an mayar da ƙyauren ƙarƙashin akwatin gilashi, amma bai san wace ƙusa ce ta wane gari ba. Ranar da na yi ta jira ke nan. Na je na nuna masa, Bune a sama ta dama, Gidigir a ƙasanta. Da muka zo ta Barmadi na karɓi gudumar na buga da kaina. Na ba shi tsummokaran da ke aljihuna, na dawo gida. Ban ji daɗin komai ba.

Ya Kaltumi tana zuwa kasuwa lokacin dabino, da kwando ƙarami. Sau biyu na tsaya gabanta na yi sallama. Ta amsa sallamar, don ta Allah ce. Sannan ta juya ga mai saye na bayana ta ce, "Na nawa za a ba ka?"