Bidiyon Darasin Sha'aibu

Sha'aibu ya daɗe yana koyar da Turanci a wata 'yar makarantar kuɗi a Suleja, har alli ya soma cinye masa yatsu. Ran nan yana duba waya ya ci karo da sanarwar wata makaranta a ƙasar Biyetnam, suna neman malamin da zai koya wa yara da matasa Turanci. Ya aika takardunsa, suka amsa. Abu guda ya rage: ya turo gajeren bidiyo yana koyar da yaran da ba su san ko kalma ɗaya ta Turanci ba.

To, a nan ne fa gizo ke saƙa. A gidan hayar da suke zaune a unguwar Iku, yaro kafin ya iya ɗaure wando ya iya zagi da Turancin buroka.

Ƙanwarsa Saudatu ta ce, "Yaya, ai sai yaran gidan nan su yi kamar ba su iya ba. Waye zai zo daga Biyetnam ya bincika?"

Haka aka yi. Ranar Asabar da hantsi ya jingina allo a gindin mangwaron tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya tara yara uku bisa alƙawarin awara da zoɓo: Kemi 'yar tela, da Kenechi wanda babansa ke sayar da kayan gyaran babur, da Taufiq ɗan yayansa. Ya sa kwat duk da zafin da ake yi. Mahaifiyarsu Inna Asabe tana gefe tana ɓarar gyaɗa, tana kallonsu ta wutsiyar ido.

"Ku saurara," in ji Sha'aibu. "Daga yanzu ba ku jin Turanci. Ko kaɗan. Ni zan koya muku."

Saudatu ta ɗaga waya. Sha'aibu ya washe baki, ya ɗaga lemon zaƙi sama.

"What is this?"

Kemi ta yi masa kallon tausayi. "Uncle, na orange now."

"A tsaya! Kemi, me na ce?"

"Yi haƙuri, Ankul. Na ga kamar da gaske ba ka sani ba."

Aka sake. Wannan karon Taufiq ne ya ɗauki abin da zafi. Da ganin lemon sai ya zare ido, ya dafe ƙirji, ya ja da baya yana salati kamar an nuna masa maciji.

"Taufiq, Turanci ne ba ka sani ba. Lemo ka san shi!"

"To ai ba ka bambance ba, Kawu."

Kenechi ya ɗaga hannu. "Ankul, in ba mu jin Turanci, da wane yare za mu yi magana?"

"Kowanne, ban da Turanci."

Wannan amsa ita ta jawo masa. Da aka sake ɗauka, Kenechi ya ɓarke da Ibo, Kemi ta mayar masa da Yarbanci, Taufiq ya shiga tsakani da Hausa yana rantsuwa cewa zaginsa suke yi. Sha'aibu, gumi na bin wuyan kwat, ya daure ya ci gaba da murmushi. Ya ajiye lemon, ya koma wasan taɓa gaɓoɓi. Ya ce a taɓa hanci, yana nuna nasa. Taufiq, don ya nuna jahilci na gaske, ya kama gwiwa. Kenechi kuwa ya miƙa hannu ya kama hancin Kemi. Ita ko ba ta ɓata lokaci ba, ta wanke shi da mari.

Ana cikin rabon faɗa Inna Asabe ta karkaɗe zaninta, ta taso ta zauna daram a tsakiyar tabarma.

"Inna, lafiya?"

"Na ji ana neman wanda bai san Turanci ba. Ga ni. Kuma da ni za a raba awarar."

"Inna, yara suke so."

"Su sun ga takardar haihuwata ne?"

Ba yadda ya iya. Ya sake ɗaukar lemon, ya kai gabanta. "Inna, ki ce orange."

"Lemo."

"Da Turanci, Inna. O-range."

"Ni na saye shi jiya a kasuwa, da sunansa lemo na saya. Kawo nan." Ta karɓe, ta sa haƙori ta ɓare, ta soma sha.

Yara suka kwashe da dariya har da birgima. Sha'aibu ya daka musu tsawa, "Keep quiet!"

Inna ta ɗago. "Me ka ce musu?"

"Cewa na yi su yi shiru."

Ta jujjuya kalmar a baki, ta juya ga yaran, ta ɗaga yatsa. "Kifi kwayat!"

Tsit kake ji. Har akuyar maƙwabta da ke leƙe ta bakin ƙofa ta daina tauna. Sha'aibu ya yi maza ya yi amfani da shirun ya koyar da launuka uku lafiya lau, kafin Taufiq ya tambayi ina awara.

Da yamma ya ce wa Saudatu ta yanke komai, ta bar wurin launukan kawai ta aika. Ta ce to. Sai washegari, yana cikin shan koko, ta zo ta tsaya daga nesa, inda hannunsa ba zai kai ba.

"Yaya, ka san wayata ba ta da wuri sosai."

"Sai aka yi yaya?"

"Yankan bai yiwu ba. Na tura duka."

"Har da marin?"

"Har da akuyar."

Sha'aibu ya ajiye kofi, ya shige ɗaki ya kwanta yana kallon silin. Ya soma tsara yadda zai koma ya ci gaba da cin alli kamar bai taɓa jin sunan Biyetnam ba.

Bayan 'yan kwanaki shugabar makarantar ta kira shi ta bidiyo. Ta soma magana a natse, sai dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da hannu. Ta ce duk malamansu sun kalla, wasu har sau da yawa. Ta ce suna da wani aji na matasa da ya kori malamai biyu, kuma mutumin da aka shanye masa kayan darasi a gabansa bai daina murmushi ba, shi suke nema. Sannan ta tambaya, cikin ladabi, ko shekarun babbar ɗalibar nan nawa.

Ranar tafiya Inna ta cusa masa yaji da daddawa da kuka a jaka, tana tambaya ko garin kafin Legas yake ko bayanta. Yaran gidan suka raka shi har bakin titi.

A ranarsa ta farko a aji ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a allo, ya faɗa a hankali, ya ce su maimaita. Yaran suka gwada, harshe ya ƙi. Can wani ɗan ƙaramin yaro mai tabarau ya miƙe da murna, alamar shi ya gano.

"Ticha Shamfu!"

Ajin gaba ɗaya ya ɗauka. Sha'aibu ya yi ta gyara, yana cewa shi ba sabulun wanke gashi ba ne, har aka tashi, a banza. Kuskurensa ɗaya shi ne da ya ba Saudatu labarin a waya. Kafin mako ya zagayo, duk Iku an sani, har masu kabu-kabu na bakin layi suna tsayar da Inna Asabe su gaishe ta, su tambayi lafiyar Malam Shamfu.