Macijin da Aka Kai Asibiti

A gidanmu akwai masana biyu, kuma Allah ya gani ɗaya ma ya yi mana yawa. Akwai Yayana, malamin makaranta, wanda duk iliminsa yana cikin waya. Akwai Kawu, ƙanin marigayiya Mama, wanda ya taɓa aiki a daji da masu shimfiɗa titi tun ban san kaina ba, daga nan ya ɗauka duk wani abu mai jan ciki ya san shi har kakanninsa. In ka ce musu hadari ya haɗo, wannan zai ce daga gabas, wancan ya ce daga arewa, su tsaya a tsakar gida suna nuna sama har shanya ta jiƙe.

Sai Baba, tsohon direban tanka, da karensa Sufeto. An sa masa sunan ne don ba mai wuce ƙofa da leda bai tsayar da shi ya shinshina ba. Ba wani kyau gare shi ba, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ga kwaɗayi kamar me. Amma tun rasuwar Mama, Baba ya rage magana da mutane ya koma yi da shi. Kullum da safe zai zauna a kujerar roba a bakin gareji yana ba shi labarin hanyoyin da ya bi, kare yana hamma. Ranar da Sufeto ya ƙi abinci, Baba ma ture nasa kwanon yake yi. Na san in karen nan ya tafi, abin da zai rage mana na Baba ba mai yawa ba ne, kuma abin yana ba ni tsoro.

Ranar da abin ya faru ina wurin aikina a kantin magani, Baba kuma ya tafi aski. Don haka abin da ya gudana a gida daga bakin masanan na tsinto shi, bayan na zubar da inda kowa ya mai da kansa jarumi.

A bayan gareji akwai tarin tsofaffin tayoyi da Baba ya hana a zubar. Sufeto ya je aikinsa na bincike, ya cusa hanci, ya ƙwala ƙara, ya ruga ya shige ƙarƙashin kujerar Baba. Yaya ya ce ya ga jelar maciji tana shigewa cikin tayoyi. Suka leƙa karen, suka ga ɗigon jini biyu a saman leɓensa da ɗan kumburi, yana ma kaɗa musu jela. Kawu ya ce a zamaninsu tsotse dafin ake yi da baki. Yaya ya ce to bismillah, ai bakin Kawu ya fi gogewa. Maganar ta mutu a nan.

Yaya ya duba waya, ya gano cewa likita yana son sanin irin macijin kafin ya yi magani. Kawu ya ce wannan ba sai an duba waya ba, gamsheƙa ce, ya san ta daga yadda kare ya yi kuka. Yaya ya ce kasa ce, ya ga jelar da idonsa. Kawu ya tambaye shi tun yaushe ake gane mutum daga diddigensa. To, in dai waɗannan biyun suka kai nan, gobara ma sai ta jira.

Suka ɗauko rake da sandar mofa suka shiga ɗaga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ba ɗan'uwansa girma ya wuce gaba. Da macijin ya bayyana ya nannaɗe a ƙasa, Kawu ya kifa masa bokitin fenti, Yaya ya zura falankin katako ta ƙasa, suka juya, suka rufe, suka ɗaure murfin da wayar caja. Gaskiya aikin ya yi kyau, ban hana su yabo ba. Sai Yaya ya kira ni yana haki, ya ce maciji ya sari Sufeto, in same su a asibitin dabbobi, ga su nan tafe.

Asibitin bai da nisa da kantinmu, don haka na riga su zuwa. Ɗakin jira ƙarami ne, benci biyu da fanka mai kuka, da hoton kaji a bango. Akwai wata hajiya da kyanwa a cikin kwando, da wani mutum riƙe da igiyar akuya mai tari. Na gaya wa likitar abin da ake ciki. Mace ce gajera, marar yawan magana. Nan take ta sa aka share tebur, ta buɗe firji ta duba allurar dafi, ta ce su shigo da shi kai tsaye in sun iso.

Motar Yaya ta tsaya. Kawu ya fito rungume da bokiti kamar mai ɗauke da jariri, Yaya yana buɗe masa hanya, kuma ba su fasa musun ba. Ya dire bokitin a tsakiyar ɗakin jira ya sanar cewa a yi hankali, maciji ne kuma da ransa yake. Hajiya ta haye benci da kyanwarta. Mai akuya ban ga fitarsa ba, igiyar kawai na gani tana bin ƙofa.

Likita ta sa aka kai bokitin bayan gini, ta ɗan ɗaga murfin da dogon ƙarfe ta leƙa. Daga ciki aka ji wata ƙara kamar an ɗiga ruwa a cikin mai mai zafi. Ta ce wannan ƙarar jikinsa yake gogawa da jikinsa, kuma da ita da gajartarsa da launin ƙasa mai ɗigo-ɗigo, ba gamsheƙa ba ce ba kasa ba, kububuwa ce. Gamsheƙa doguwa ce mai fasa kai, kasa kuwa ƙatuwa ce mai kauri. Ta ce dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kare zai iya tafiya yana kaɗa jela alhali jini yana zuba ta ciki. Ta ƙara da cewa hoto daga nesa ya ishe ta, ko ma babu hoton za ta yi aikinta, ba ta taɓa cewa a kawo mata maciji ziyara ba.

Kawu ya ce dama kububuwa ya so ya ce. Yaya ya ce ai ita da kasa dangi ne, don haka shi ya fi kusa.

Ni kuwa na leƙa motar. Kujerar baya babu komai sai littattafan ɗalibai. Na buɗe but, taya ce da jarka. Na dawo na tsaya a gabansu.

"Yaya, ina Sufeto?"

Yaya ya kalli Kawu. Kawu ya kalli bokiti.

"Ba kai ka sa shi a baya ba?" in ji Yaya.

"Da wane hannun? Ni da nake riƙe da murfi?"

Likitar ba ta bi ta kansu ba. Ni ta kalla, ta ce in je in kawo shi yanzu, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a ɗura masa komai. Na fizge makullin daga hannun Yaya. Suka faɗa bayan motar ba tare da an gayyace su ba, kuma karon farko a rayuwata na ji su shiru su biyun a lokaci guda. Raina a ɓace yake ƙwarai. Na yi ta kiran wayar Baba tana ringin ba a ɗauka.

Ba mu kai gida ba. A kwanar da ake sayar da bulo na hango wani tsoho yana tura baro a gefen titi, yana yi yana tsayawa. Baba ne. Ashe an ɗauke wuta a wurin aski ana tsakiyar yi masa, ya rufa hula ya dawo gida, ya tarar da ƙofa a buɗe, tayoyi a warwatse, ba kowa, sai Sufeto a ƙarƙashin kujera fuska ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Ya shimfiɗa rigarsa ta sama a cikin baron magina, ya ɗora shi, ya kama hanya. Mutumin da gwiwarsa ba ta bari ya hau matakala sai an riƙe shi. Hular ta faɗi a wani wuri bai sani ba, kai rabi fes rabi furfura, singileti ya jiƙe sharkaf. Wata rana da na yi dariya har na zauna. Ranar kuwa hawaye ne suka zo mini.

Bai tambaye mu daga ina muke ba. Ya ce mini, "Uwata, kama ƙafafun baya, a hankali." Muka sa shi a kujera, Baba ya zauna ya ɗora kan karen a cinyarsa. Jini yana tsattsafowa daga dasashinsa yana ɓata wandon Baba. Yaya ya matse a gefe, Kawu ya koma gaba, aka bar baro a bakin titi. Duk hanya Baba yana yi wa Sufeto magana ƙasa-ƙasa, wai ya yi haƙuri, an kusa, hanyar ba ta da gargada.

Likita ta karɓi Sufeto a bakin ƙofa. Ta aske masa ƙafar gaba, ta sa ƙarin ruwa, ta haɗa allurar dafin a ciki. Ta ɗebi jininsa a ƙaramar kwalba ta ajiye a kan tebur, ta ce in ya daskare an ci nasara, in bai daskare ba za a ƙara wata allurar. Na farko bai daskare ba, ta karkata kwalbar ya gangaro kamar ruwa. Ta ƙara allura, ta ce mu fita mu jira.

Muka zauna a benci, Baba a tsakiya. Hajiya mai kyanwa ta tafi, mai akuya ya dawo ya zauna can nesa da mu yana hararar Kawu. Yaya ya fara bayani, wai a rubuce yake cewa gane nau'in maciji yana da muhimmanci. Kawu ya ce kuma ba kowa ne zai iya kama kububuwa da rai ba, ko a daji ana jinjina wa mai yin haka. Baba kuwa yana ta kallon ƙofar ɗakin. Sai a lokacin ya fahimci abin da ya faru, don da ya ɗauka neman taimako suka fita. Na ga lokacin da abin ya shige shi, ya sunkuyar da kai yana murza gwiwa.

Can da la'asar likita ta fito da kwalba a hannu, ta kifa ta a gabanmu, jinin bai motsa ba. Ta ce zai kwana a nan, fuskar za ta daɗe kafin ta saɓe, amma tana sa ran zai tashi. Baba ya ce alhamdulillahi, ya share fuska da gefen singileti. Ya nemi a bar shi ya shiga ya gan shi, ta ce ya shiga.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar. Har ya kai ƙofa sai ya juyo ya kalli ɗansa da ƙanin matarsa. Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai irin ta mai son ya sani.

"Da ni ya sara, wa za ku sa a mota?"

Yaya ya koma kallon wayarsa. Kawu ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Baba ya ɗan jira, sannan ya shiga ya ja ƙofar.