Babi na Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana koyar da lissafi, ni kuwa 'yarsa ta fari da ƙyar da jiɓin goshi nake tsallake jarrabawarsa. Sai ga shi da ya yi ritaya ya tashi fitar da littafinsa, ni ɗin ya kama, tunda buga takardu a kwamfuta ne aikina a ofis.

Rubutun zube ba ya ba ni wahala, lissafin ne jidali. Sai na buɗe wurin saka alamomi na zaɓi siffa, wasu 'yan akwatuna masu ɗigo-ɗigo su fito, wani sama wani ƙasa, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina cikawa. Ga rubutun Baba kamar tonon kaza. Ɗan ƙaramin biyun nan da ke maƙale jikin harafi, ba ka gane a kafaɗarsa yake ko a ƙafarsa. Shi ya sa duk Asabar da hantsi yake jawo kujera kusa da ni a falo, ya ɗora tabarau, ya tsare allon.

"Hau da shi sama, 'yar nan."

"Baba, biyu ai biyu ne."

"Wa ya koya miki haka? Ba dai ni ba."

Ina kumbura ina gyarawa. Akwai ranar da ya sa na sake shafi guda cur saboda alamar nan mai kama da ƙugiya ba ta rufe lamba ta ƙarshe ba.

Babi goma sha ɗaya ne littafin. Muna tsakiyar na tara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Da aka sallamo shi daga asibiti, abu na farko da ya nuna da hannun hagu shi ne kwamfutar. Muka ƙirƙiro hanyarmu: yatsa sama, lamba ta hau, yatsa ƙasa, ta sauka, in na yi shirme ya ƙwanƙwasa tebur. Teburin nan ya sha duka. A haka muka ja jiki muka gama na tara da na goma.

Da muka shiga babin ƙarshe ƙwanƙwasar ta ɗauke. Asabar uku a jere ban ji ta ba. Har na je kicin ina cika wa Mama baki, wai da tsufana na iya lissafi. Ita dai ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Shirunta ne ya tsaya mini a rai. Asabar ta huɗu na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na gwada mahaifina. Na juya lambobin, ta sama ta koma ƙasa, na goge ƙugiyar gaba ɗaya, sannan na karkato masa allon.

"Baba, daidai ne?"

Ya daɗe yana kallo, amma fuskata yake kallo. Ya yi murmushi da rabin bakin da ya rage masa, ya gyaɗa kai.

Na mayar da komai yadda yake a takardarsa, na buɗe shafi na gaba. Saura shafi goma sha huɗu, kuma duk duniya babu wanda ya san abin da ke cikinsu sai mutumin da ke zaune kusa da ni. A layi na biyu ga wani ɗan ƙaramin uku a jikin harafi, ba sama ba, ba ƙasa ba.

Na ɗaga yatsana sama ina dubansa. Ya gyaɗa kai.

Na mayar da shi ƙasa. Ya gyaɗa kai.