Ƙyauren Kwanon Hayatu

"In ba kai ba, wa ya kai zancen gidanmu Kano?" in ji Isufu. Yana tsaye bakin ɗakin ƙanensa Hayatu da littafin a hannu, ya ma riƙe shi kife. Ni gwaggonsu ina gindin turmi ina ɓarar wake, sai na rage hannu don in ji da kyau.

Littafin na Halima ne, matar Isufu, bugun Kano ne, kasuwar Ƙonni ta sayo shi. Ta ɗan yi lakwal, wato boko, bayan la'asar takan karanta mana. Labarin wani saurayi ne da ya samu aiki, ya daina cin tuwo da maza a zaure, yana shigewa ɗaki ya ci shi kaɗai, dangi suka juya masa baya. Ba a kai rabi ba Kande maƙwabciyarmu ta mintsine ni. Ai Hayatunmu ne sak. Tun da ya kama aikin siminti a Malbaza ya cire asabari ya sa ƙyauren kwano, akushinsa ma daban. Ni dai mutum biyu na gaya wa a bakin rijiya, kafin Juma'a garinmu Dogarawa duk ta ji an buga mu a takarda.

Hayatu bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai san mai littafin ba, bai taɓa taka Kano ba. Wuni yake inji na ƙara cikin kunnensa, in ya komo shiru kawai yake so. Isufu ya ce har Liman ya tare shi da maganar. Ko dai a cire ƙyauren yau, akushi ya koma zaure, ko Hayatu ya nemi wani gida.

Hayatu ya daɗe yana duban ƙyaurensa. Can ya leƙo ya tambayi Halima yadda na cikin littafin ya ƙare da danginsa.

"Ɗan Malbaza, sai littafi na biyu," ta ce. "Mai saidawa ya ce sai bayan Salla."

"Shi yana iya jira. Ni gobe aikin safe gare ni."

Ya naɗe tabarma, ya rataya rediyo, ya ɗauki akushin da tuwon ciki, ya ce min, "Gwaggo, ga na bakin rijiya kin samu." Ya fito ya banko ƙyauren nan har kaji suka watse.