Kurar Mansur

Ranar da za a ba ƙungiyar Kura kofi, Rabe ya gama rabon ruwa tun kafin azahar. Sana'arsa ke nan, shi sagga ne. Yana ɗebo ruwa daga famfon unguwar Mansur a gwangwanaye biyu rataye a sanda, ya hau da su gidajen mutane. Amma in la'asar ta yi shi ne golan Kura, kuma shi ya kafa ta shekara shida da suka wuce. Yau za a karanta tarihin ƙungiyar a gaban wani Ustazu daga ofishin wasanni, a miƙa masa takardar, a yi mata rajista cikin ƙananan kulob na Makka. Dawuda, sakatarensu, ya yi masa alkawarin sunansa ne zai zo a layin farko.

Duk ƙasar nan babu takardar da ta san Rabe sai igamarsa, takardar izinin zama, ita kuwa baƙo take kiransa. Shi ya sa ya kasa cin abinci.

"Baban Asiya, ka zauna mana," in ji matarsa Hajara, tana goge masa rigar wasa da dutsen guga na gawayi. "Sai kai da komo kake kamar yau za a ɗaura maka aure."

"Kin goge wuyan?"

"Sau uku. In na ƙara zai ƙone, a karanta tarihinka kana tsirara."

Rigar rawaya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi. Hajara ce ta rina goma sha ɗaya irinta a robar wanki, ta bi su da baƙin rini tana ɗigawa da kan yatsa.

Asalin abin daga Sudan ne. Rabe da abokinsa Awwalu sun taso daga ƙasar Katsina, suka ratsa Chadi, suka yi shekara uku suna tsinkar auduga a Wad Madani kafin su tsallako teku. A can ne wata rana Rabe ya ji samari na ihu, "Kura, kura," ya sunkuya ya ɗauki dutse yana waige-waige. Awwalu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ashe a bakin Larabawa kura ita ce ƙwallo. Nan suka koyi bugawa. Da suka zauna a Mansur, a shekara ta 1380, wato 1960, Rabe ya cusa tsummoki a tsohuwar safa, ya jera duwatsu huɗu a wani fili da ke hanyar Kudai, ya tara samari. Da aka zo sa suna ya ce Kura. Shi kurar gida yake nufi, ta daji, wadda in ta kama abu ba ta saki. Bai taɓa yi wa kowa bayani ba, don a ganinsa duk Bahaushe ya san kura. Bai lura ba yawancin 'yan wasansa haihuwar Makka ne, jikokin alhazai, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta tuwo da gaisuwa ba. Su ƙwallo suka ji. Ɗigon rigar ma, sun ɗauka ƙananan ƙwallaye ne.

Shekarar farko 'yan Jarwal suka zura musu bakwai ba ko ɗaya. Ta biyu suka yi kunnen doki da Misfala, Rabe ya dafa shayi ya raba wa duk wanda ya zo wucewa. Ta uku suka ci Hindawiyya biyu da ɗaya, ranar da ya kama fanareti ɗan yatsansa ya karye, bai gaya wa kowa ba sai da aka tashi. Har yau yatsan a karkace yake. Bara sun buga wasa goma sha ɗaya a jere ƙwallo ba ta wuce shi ba. Bana kuwa suka doke Nakkasa ɗaya da nema a wasan ƙarshe na unguwanni.

Da ya isa filin, an shimfiɗa dardumai, an jera kujeru shida, an sa kofin a kan tebur. Dawuda na tsaye cikin farar jallabiya da alƙalami a aljihu. Ɗan Makka ne gaba da baya, yana da takardar zama ɗan ƙasa, yana aikin akawu, kuma babansa ne ya tsaya wa Awwalu a kan igama.

"Yaya Rabe, zo ka gani," ya ce, ya buɗe takardar.

Rabe bai iya Larabcin ofis ba, amma ya yi karatun allo. Ya bi layin farko da karkataccen yatsansa har ya tarar da ra, ba, ya, ain. Ya ɗan tsaya a kai.

"Wannan ta gabansa fa?"

"Mu'assis. Wanda ya kafa."

"Sake faɗa."

"Mu'assis, ya shek. Kada ka ɓata min takarda da gumi."

Bayan la'asar Ustazu ya iso a mota, mutum mai tumbi da baƙin tabarau. Aka ba shi shayi, aka ba shi kofin gasar ya miƙa wa ƙungiyar, aka tafa. Sai ya karɓi takardar ya duba samanta, ya yi murmushi.

"Kura?" ya ce da Larabci. "Kulob ɗin ƙwallo sunansa Ƙwallo? Kamar mutum ya haifi yaro ne ya raɗa masa suna Yaro. Wa ya yi wannan tunanin?"

Aka yi 'yar dariya. Rabe ya gane abin da aka ce, kuma ya ji daɗi, don ga dama ta samu. Ya miƙe daga kan darduma.

"Ana, ya Ustaz. Ni ne. Mu kura hagg al-la'ab, ba ta wasa ba. Kura..."

Nan Larabcinsa ya ƙare. Ya san sunan ruwa, da bene, da jaki, da kare, amma shekara bakwai a Makka bai taɓa bukatar sunan kura ba. Ya juya wurin Dawuda da Hausa.

"Gaya masa dabba ce. Ta daji, mai dabbare-dabbare irin rigarmu. Tana fitowa ta ci mushe, har ƙashi take taunewa. Me kuke ce mata?"

Dawuda ya dubi rigar Rabe, ya dubi sauran 'yan wasan da ke zaune a jere. Fuskarsa ta canza. Ya gane dabbar. A Larabci in an kira mutum da sunanta zagi ne, kuma ga shi shekara huɗu yana yawo da fatarta a jiki, yana rubuta sunanta a saman takarda da kyakkyawan rubutu.

"Dawuda, faɗa masa mana."

Dawuda ya kau da kai. Ustazu na jira, tabarau a hannu. Rabe ya ga maganar za ta mutu a bakinsa, sai ya yi abin da zai yi wa Asiya a gida. Ya rusuna, ya ɗaga kafaɗu, ya sauke ƙugu, ya ja ƙafar baya yana ɗingishi. Ya miƙa wuya ya saki kukan, wanda ke farawa ƙasa ya haura sama, ya bi shi da ƙyaƙyatar nan tata.

Fili ya ɗauki dariya. Masu shaguna da ke tsaye a baya suka riƙe ciki. Ustazu ya share hawaye da gefen mayafinsa.

"Esh hada? Me yake cewa?" ya tambayi Dawuda.

Dawuda ya yi magana a hankali, cikin Larabci mai tsabta, amma kowa ya ji. "Sagganmu ne, ranka ya daɗe. Shi ke kawo mana ruwa. Miskini ne, rana ta ɗan taɓa masa kai. Yana son ƙwallo, da ya ji an ambace ta sai ya yi haka. Muna ba shi riga don ya ji daɗi."

Rabe ya tsinci sagga da miskin, sauran suka wuce shi. Ya ga Ustazu na gyaɗa kai yana murmushi, ya ɗauka bayani ya isa.

"Ya sake," in ji Ustazu. "Billahi ya sake, direbana bai gani ba."

Aka kira direba. Rabe ya sake, har ya ƙara jan ƙafar don a fahimta da kyau. Wannan karon yana rusune ya hango Awwalu. Awwalu ba ya dariya. Ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa. Sai Rabe ya daina, ya miƙe tsaye a hankali.

Ustazu ya ce suna dai a canza shi, ofis ba zai rubuta Ƙwallo ba. Ya ba da shawarar Sukur, wato shahuna, aka tafa. Dawuda ya zaro alƙalami ya gyara saman takardar a kan gwiwarsa. Rabe na kallon hannun. Alƙalamin ya sauko layin farko, ya ja, ya sake ja, ya yi ɗan rubutu a sama.

Sannan Dawuda ya karanta tarihin. Murya gare shi mai daɗi. Ya ce wasu zaɓaɓɓun samarin unguwa, 'ya'yan ƙasa, su suka kafa kulob ɗin. Ya ambaci Jarwal ya tsallake bakwai ɗin. Ya ambaci Hindawiyya da fanaretin da "golanmu" ya kama. Ya ambaci wasa goma sha ɗaya. Rabe na ta sauraron kalmar nan, mu'assis. Ta zo, sunan Dawuda na biye da ita. Can ƙarshe, bayan an gode wa mai dardumai da mai shayi, aka gode wa sagga. Ba a faɗi wane saggan ba.

Da mai hoto ya kafa akwatinsa, Rabe ya tafi tsakiya inda gola ke durƙusawa. Dawuda ya riƙo hannunsa, ya ja shi gefe.

"Ba da rigar, Mukhtaru mai zaman benci zai sa."

"Mukhtaru da bai taɓa kama ko tasa ba?"

"Yana da takarda. Kai fa?"

"Ka ce layin farko."

"Na ce, na kuma rubuta, ka gani da idonka." Dawuda na magana ta cikin haƙora, yana yi wa Ustazu murmushi daga nesa. "Wa ya sa ka rarrafe a gaban mutane? Shekara nawa muna fama a daina kiranmu Takari, ka zo ka nuna musu daji. In na ce wannan ne ya kafa mu, ka ga rajista? Kai ka goge sunanka, ba ni ba."

Rabe ya juya. "Awwalu, kana nan ranar da muka jera duwatsun. Faɗa musu."

Awwalu ya dubi Dawuda, sannan ya dubi ƙasa.

"An daɗe, Rabe. Wallahi ban riƙe ba."

Ya cire rigar. Mukhtaru ya karɓa da yatsu biyu, ya sansana, ya yamutse fuska, ya sa. Aka ɗauki hoton, sai wani ya ce Ustazu na son wanke hannu, ina saggan ne. Rabe na tsaye da singileti, duk ido ya dawo kansa. Ya ɗauki buta ya zuba masa.

A gida Hajara ta tarbe shi a bakin ƙofa. "Ina rigar?"

"An ajiye ta. Ta tarihi ce yanzu."

"An karanta?"

"An karanta."

"A layin farko?"

Ya ce kansa na ciwo. Ta dube shi, ba ta ƙara tambaya ba. Kafin magariba maƙwabciya ta shigo aron tsintsiya ta ba ta labarin duka, har da kwaikwayon ɗingishin a tsakar ɗaki.

Kwana uku ba a yi ba labarin ya gama Mansur. In ya wuce da gwangwanayensa mai gasa nama sai ya rufe tire ya ce, "Ku ɓoye ƙasusuwa, ga ta nan." Ranar Juma'a ya bi ta bayan filin, ya hango 'yan wasan cikin sababbin riguna korra, Mukhtaru a tsakanin duwatsu. Bai tsaya ba.

Gidan su Dawuda na cikin gidajen da yake kai wa ruwa, kuma shi ne babba. Ta bakin Hajiya Hadijatu, uwar Dawuda, ya samu wasu gidaje bakwai a layin. Ranar Asabar ya hau benen hawa uku, ya yi gyaran murya a bakin labule kamar kullum don mata su kauce.

"Rabe ne?" in ji Hajiya daga ciki. Yana jin ƙarar kofunan shayi da muryoyin baƙi.

"Ni ne, Hajiya. Barka da hutawa."

"Kada ka juye tukuna. Ga su Maryama sun zo daga Jidda, ina ba su labari sun ce ƙarya nake. Yi musu kurar nan."

"Hajiya, ruwa na jiran mutane."

"Su waye mutanen? Ba ni na haɗa ka da su ba? Saggan Misfala ma jiya ya zo yana roƙona layin nan, na ce ina da nawa."

Labulen ya ɗan motsa, idanu suka jeru a tsagarsa. Rabe ya sauke sandar daga kafaɗa, ya ajiye gwangwanayen a hankali don kada ruwa ya zube a daɓen. Ya rusuna. Ya yi kukan, gajere.

Aka yi dariya, amma ba sosai ba.

"A'a," in ji Hajiya. "Dawuda ya ce har ƙafa kake ja. Kuma na ranar ya fi tsawo. Fara daga bakin matakala, su gan ka da kyau."

Ya koma bakin matakala, ya fara daga can.