Kafinta Ya Buɗe Baki

Shekara kusan arba'in ina zaune da mijina, ban taɓa jin ya rera waƙa ba. Kafinta ne, kuma ko a bakin aiki, inda abokan sana'arsa ke fito suna 'yan waƙe-waƙe, shi sai dai ka ji ƙarar zarto da guduma. Ranar Lahadi idan aka tashi waƙa a majami'a, yakan miƙe da littafinsa a hannu, ya buɗe shafin daidai, ya riƙa motsa leɓe. Ni da nake tsaye kusa da shi na san ko iska ba ta fitowa. Na ɗauka kunya ce, ban kuwa matsa masa ba, don muryata ta ishe mu mu biyu.

Abin da bai yi da baki ba, da hannu ya yi shi. Duk wani benci da ke majami'armu maigidana ne ya ƙera. Kowace Asabar zai ɗauki akwatin kayan aiki, ya bi bencunan ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga su, wanda ya yi motsi ya sha ƙusa. Idan aka yi masa godiya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauran aiki." Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa, ba ya zagi, amma fuskarsa kullum kamar ta wanda ke jiran a kira shi gaban alƙali.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu. Ni dai gaskiya rabin hankalina yana kan wankin da na bari a igiya, don hadari ya haɗo. Sai na ji an damƙe mini hannu.

"Kin ji?" maigida ya ce a hankali.

"Na ji me?"

"Hannunsa a kafe yake."

Na ce ya sake ni, mutane na kallo. Sai da muka kama hanyar gida ya kwance mini zancen, yana tafiya yana tsayawa.

"Duba nan. An kafe masa hannun dama, an kafe na hagu, ƙafafu ma haka. Ko tsintsiya ba zai iya ɗauka ya share wa Allah ƙofar gida ba. Roƙo kawai ya yi, Yesu ya karɓe shi. A ranar fa! Ba a ce masa jeka ka gyara wani abu ka dawo ba."

"To ai labarin nan tun muna yara muke jin sa."

"Ke kike jin sa. Ni yau na ji." Ya tsaya cik a tsakiyar hanya. "Duk shekarun nan ina buga ƙusa ina cewa ko in na cika ɗakin Allah da benci za a bar ni in raɓe a na can baya. Ashe tuni an gama aikin. An gama tun ban san yadda ake riƙe guduma ba."

Sai ya fashe da dariya. Dariya ta gaske, har da riƙe ciki, har mai sayar da lemo a gefen titi ta juyo tana duban mu. Ruwa ya sauko, wankina ya jiƙe sharkaf, mutumin nan ko a jikinsa.

Washegari da safe ina wanke-wanke na ji wata ƙara daga bayan gida, inda shagonsa yake. Na ce ko wani ke jan tebur a kan siminti. Na leƙa, sai ga maigida yana goge katako, kai a sama, baki a buɗe. Waƙa yake yi. Na daɗe a tsaye kafin in gane wace waƙa ce, ita ma daga kalmomin na gane ta, don karin ya kama gabansa tun daga layin farko. Inda ake hawa shi sauka yake yi, inda ake sauka ya hau. Kuma Allah ya ba shi ƙirji, muryar tana kaiwa gida uku.

Lahadin da ta biyo ya kai ta majami'a. Jaririn da ke bencin gabanmu ya tsala ihu. Wani dattijo ya waiwayo ya dube shi, ya dube ni, kamar ni na kunna shi. Kowa ya gama layi, maigida yana nan a baya yana jan wutsiyarsa shi kaɗai. Fasto kuwa ban da murmushi ba abin da yake yi.

Kada ku ce ina yi masa ba'a ne kawai. Na yi, kuma ina kan yi, amma miji sabo na samu da tsufana. Mutumin da jikoki ke shiga taitayinsu in ya shigo, sai ga shi a ƙasa suna hawan bayansa. Wata Asabar ya ɗauki akwatin kayan aiki, ya kai bakin ƙofa, ya ajiye, ya ce, "Bencunan nan ba za su gudu ba. Ɗauko mayafinki mu sha iska." Muka yi ta yawo kamar saurayi da budurwa, ya saya mini lemo mai sanyi. Asabar ta gaba ya koma gyaran bencinsa, amma yanzu in an gode masa sai ya ce, "Ai daɗi nake ji."

Matsalar ita ce Auta, 'yarmu ta ƙarshe. Malamar makaranta ce, kuma ita ke shugabantar mawaƙan majami'a. Yarinyar nan tana da kunne. Mutum talatin na waƙa, ɗaya ya kauce kaɗan, za ta nuna shi da yatsa ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta tsara wata waƙa da kanta, ita da mawaƙanta sun yi wata da watanni suna koyo, sun koya wa jama'a amshi. An shirya wani mai ɗaukar sauti zai zo ranar Lahadi ya naɗe ta a cikin sujada, da muryar kowa da kowa, a sa a rediyo.

Ana saura kwana kaɗan ta zo gida da yamma, ta same ni a kicin ina yanka albasa. Ta zauna, ta tashi, ta buɗe tukunya, ta rufe.

"Mama, ki yi wa Baba magana."

"A kan me?"

"Kin sani mana. Mawaƙa sun dame ni. Sun ce in dai Baba zai yi, na'urar ba za ta ɗauki kowa ba sai shi. Rana ɗaya ce kawai, Mama."

"Ubanki ne, kuma kina da baki. Yana shago."

Na faɗi haka da ƙarfin hali, amma tsoro nake ji. Na tausaya wa Auta, don na san wahalar da ta sha. Sai dai tsorona ya fi tausayin yawa. Na san mijina. Idan aka ce masa yi shiru, ina gudun ya koma inda ya fito, ya ja ƙofa, kuma wannan karon ba mai sake buɗe ta. Ban shirya mayar da sabon mijina ba.

Ta nufi shago, ni kuma na cika kofi da ruwa na bi ta, kamar wani ya ce yana jin ƙishi.

Yana shafa gam a ƙafar wata kujera, dusar katako har a girarsa. Auta ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta yaba kujerar, ta shiga bayanin yadda na'urar ɗaukar sauti take da saurin kama ƙara. Ya bar ta ta yi ta zagaye, sannan ya ajiye kujerar.

"Auta, so kike in yi shiru ranar Lahadi."

Ta sunkuyar da kai. "Na rana ɗaya, Baba."

Ya jawo wani guntun katako ya zauna. "Bari in ba ki labari. Muna firamare aka jera mu za mu yi wa baƙi waƙa. Malaminmu ya riƙa bin layi yana kara kunne a bakin kowa. Da ya zo kaina ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya ce, 'Kai, daga yau motsa baki kawai za ka riƙa yi.' Yara suka yi dariya. Ni kuma na ce to." Ya kakkaɓe hannunsa. "Ba laifinsa ba ne, yana da gaskiya, ke ma shaida ce. Amma ni sai na ɗauka Allah ma haka yake bin layi."

Ni kaina ban taɓa jin labarin nan ba. Shekara arba'in, mutumin nan yana ɗauke da shi a gefena.

Idon Auta ya cika. "Baba, ban sani ba. A bar maganar. Ka yi waƙarka."

"A'a, zan yi shiru."

"Baba..."

"Saurara mana. Wancan shirun na tsoro ne. Wannan kuwa kyauta ce zan ba 'yata, da hannuna biyu. Wanda Yesu ya kwance ai yana iya waƙa, yana iya yin shiru, duk ba abin da zai ragu." Ya karɓi kofin hannuna ya shanye. "Kuma ku bar mutanen rediyo su huta. Me suka yi mini?"

Suka yi dariya su biyu, ita tana share hawaye. Ni ban yi ba. Maganarsa ta yi daɗi, amma daɗin magana daban, abin da zai faru a zuciyar mutum daban. Kwanakin da suka rage na yi su ne ina kasa kunne wajen shago. Yana waƙa, amma ni sai in ji kamar ya rage ƙarfi.

Ranar Lahadi majami'a ta cika maƙil. Mai ɗaukar sauti, wani siriri mai tabarau, ya shimfiɗa wayoyi ko'ina, ya kafa makirfo a gaba da tsakiya, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ya roƙi a riƙe yara, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Mawaƙa suka jeru cikin kayansu iri ɗaya. Auta ta tsaya a gabansu, ta ba mu baya, ta ɗaga hannu.

Zan faɗi gaskiya, waƙar ta yi kyau. Muryoyin sun tafi tare sumul, ba wanda ya riga wani, ba wanda aka bari a baya. Na saci kallon maigida. Ya harɗe hannuwa a baya, baki a rufe, yana gyaɗa kai yana kallon bayan 'yarsa, fuskar nan tana ta walƙiya. Ba abin da ya ragu, kamar yadda ya ce. Ni ce na kasa. Da aka zo amshi, jama'a suka yi ban da ni.

Sai na lura da hannun Auta. Duk ƙarshen layi sai ya ɗan tsaya a sama, kamar mai riƙe wa wani ƙofa. Mawaƙa suka fara duban juna. Aka shiga baiti na biyu, hannun ya ƙara nauyi, can sai ya sauka gaba ɗaya. Waƙa ta tsinke. Majami'a ta yi tsit.

Mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa. "Malama, lafiya? Ai yana tafiya daidai."

Auta ba ta ko dube shi ba. Ta juyo ta fuskanci jama'a, ta nemo bencinmu da ido.

"Baba," ta ce, makirfo ya kai muryarta kowane lungu. "Ba na jin ka."

Maigida ya dube ni. Na zungure shi da gwiwar hannu. "An ce ba a jin ka. Ko kurumta ta kama ka?"

"A ɗauko daga farko," in ji Auta. Ta ɗaga hannu, amma wannan karon ba ta juya mana baya ba.

Ya ja numfashi, ya saki muryar nan tasa. Mai ɗaukar sauti ya zabura ya kai hannu kan na'urarsa. Wani ya tuntsire da dariya a baya, dariyar ta bi benci-benci, daga nan ta rikiɗe ta koma waƙa. Mai gadin majami'a, wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai in yana korar yara, ya shigo da tasa daga bakin ƙofa, ita ma ba ta fi ta maigida ba. Wata tsohuwa ta kama tafi. Fasto ya ajiye littafinsa ya taya ta. Ni ma na shiga, na yi ta yi ina kuka ba kunya.

Auta tana kaɗa hannu tana waƙa, hawaye na zuba, tana dariya. Da aka zo inda waƙar ke hawa can sama, wurin da ta fi wahalar da mawaƙanta a kai, na ji muryarta ta karye. Ta kauce hanya ta bi ta ubanta, kuma ba ta tsaya gyarawa ba.