Yaya Ta Daina Farke Ɗinki

Shekara da shekaru Auta tana ɗinki a shagon yayarta, amma ba ta taɓa gama riga hankalinta kwance ba. Yaya za ta ɗauki rigar ta kai bakin taga, ta juya cikinta waje, ta bi layin zaren da farce. In ta yi gyaran murya, to magana ta ƙare, sai reza. Masu kawo ɗinki ma sun san hali, a bayan idonta Mai Reza suke ce mata.

Shi ya sa gaban Auta ya faɗi ranar da ta miƙa wata doguwar riga mai karkataccen aljihu, Yaya ta duba, ta ninke, ta saka a leda.

"Kin ga aljihun kuwa?" in ji Auta.

"Na gani."

"To?"

"Ai hannu zai shiga."

Auta ta koma kan kekenta. Tarko ne, ta ce a ranta. So take mai rigar ta dawo da ita a yi min tatas gaban mutane. Mai rigar ta zo, ta gwada, ta yi ta juyi gaban madubi, ta tafi tana godiya. Shiru, babu abin da ya biyo baya.

Daga nan Auta ta fara sa ido. Ƙyallaye suna kwana a ƙasa ba a share ba. Almakashi ba ya komawa kan ƙusarsa. Kuma duk sanda ta miƙa aiki, sai Yaya ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu, kamar mai jin sanyi. Ko ido ne ya fara tafiya? Auta ta yar da allura da gangan. Daga can ƙarshen shago Yaya ta ce, "Ga ta nan gindin kujerarki." Ido garau. To ko ta samu wata telar ce, tana shirin sallamarta, shi ya sa ta daina wahalar gyara mata?

Da Auta ta kai wa mijinta zancen, dariya ya yi. "Da tana farke miki kina kuka, yanzu ta daina kina kuka. Ke dai kukan kike so."

Ba ta ga abin dariya ba. Washegari ta ɗinka wa wata farar riga maɓallai farare, sai ta sa baƙi ɗaya a tsakiyarsu, ta ajiye gaban Yaya. Yaya ta kalli rigar. Leɓenta ya motsa, zufa ta tsatso mata a goshi, amma ba ta ce uffan ba.

"Yaya, in korata za ki yi, ki faɗa min kawai," in ji Auta. "Wannan shirun ya fi rezar ciwo."

"Wa ya ce miki kora?"

"To mene ne? Ba ki da lafiya?"

Sai Yaya ta fito mata da gaskiya. Ashe da 'yarta ta haihu, ta je ganin jariri. Tana shiga ta warware tawul ɗin da aka naɗe shi a ciki, ta sake naɗewa. Ta gyara shimfiɗa, ta gyara yadda uwar ta riƙe shi, har kwalbar man shafawa sai da ta canza wa wuri.

"Ba ta ɗaga murya ba," in ji Yaya. "Cewa ta yi, 'Umma, haka kika yi ta farke ni har na girma. Wannan kam ba za ki farke shi ba.' Ta ce in dawo ranar da zan iya zama in yi kallo kawai."

Yaya ta juyo ta dubi Auta.

"Shi ne nake koyo a kanki."

"A kaina?"

"Wa ya kai ki samar min abin koyo?" Ta turo mata rigar. "Amma wannan ba kuskure ba ne, neman magana ne. Cire shi."

Ƙarshen mako Yaya ta shirya ta tafi gidan 'yar, ta bar Auta da shago. Ta dawo da yamma a gajiye, kamar wadda ta yi dako.

"Yaya aka yi?"

"Hular yaron a karkace take, tun shigata har fitata."

"Kin gyara?"

"Hannuna ya tafi. Sai na shafa kumatunsa." Ta ajiye jaka. "Ta ce in dawo jibi."

Auta ba ta gama yarda abin zai ɗore ba, don ta fi kowa sanin yayarta. Duk da haka ta jawo wani yadi ruwan toka da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, ta shimfiɗa a tebur, ta fara yanka wani salon wuya da bai taɓa fita daga shagon nan ba. Tana yi tana satar kallon Yaya ta wutsiyar ido.